Na'urar MARIA ta Bristol: yadda aka gwada gano sankarar mama da igiyoyin maikurowef

A shekarar 2016 masu bincike a birnin Bristol na Ingila suka fitar da sakamakon gwajin wata na'urar ɗaukar hoton nono mai suna MARIA. Mata 86 aka gwada, dukkansu waɗanda suka zo asibiti da wani ƙorafi a nono, kuma na'urar ta nuna wurin matsalar a 64 daga cikinsu, wato kashi 74 cikin ɗari. Da aka ware matan da nononsu ke da cunkoson nama da ƙarancin kitse, sai adadin ya hau zuwa kashi 86 cikin ɗari. Wannan adadi na biyu shi ya ja hankali, domin irin wannan nono ne hoton mamogiram ya fi kasawa a kansa, kuma a lissafin kimiyya shi ne ya kamata ya fi ba igiyoyin maikurowef, wato irin igiyoyin rediyon da na'urar ke amfani da su, wahala.

Mamogiram hoton eksire ne. Kitse yana fitowa baƙi a cikinsa, naman da ke haɗa ruwan nono da zaruruwan da ke riƙe shi suna fitowa fari, ƙullutun sankara shi ma fari. Idan nono ya cika da farin nama, ƙullutun sai ya ɓace a ciki. Ga kuma matse nono tsakanin faranti biyu, wanda ke hana wasu mata komawa, ga ɗan tururin radiyeshan na kusan milisibat 0.4 (ma'aunin radiyeshan ke nan) a kowane gwaji, wanda bai kai a tsorata ba amma ya isa ya hana a riƙa maimaita hoton kowane wata. Igiyoyin maikurowef ba su da ƙarfin da zai taɓa ƙwayar halitta irin yadda eksire ke yi, ƙarfin da waɗannan na'urori ke fitarwa bai kai na wayar salula ba, kuma ba a matse komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama a duniya, 670,000 suka rasu, saboda haka duk wata hanya mai sauƙi da arha dole a dube ta da kyau.

Abin da igiyar take gani

Igiyar maikurowef ruwa take gani. Kowane nama yana da wata lamba da ke nuna yadda yake riƙe lantarki, kuma yawan ruwan da ke cikinsa ne ke ɗaga lambar. A wajen gigahaz 3 (gigahaz ma'aunin saurin kaɗawar igiya ne), iska tana da 1, kitse kusan 5, fata kusan 36, naman da ke haɗa ruwan nono tsakanin 40 da 50, ƙullutun sankara kuma 50 ko sama da haka kaɗan. Duk inda igiya ta tsallaka daga wata lamba zuwa wata, wani sashe nata yana dawowa baya, kuma girman tazarar ne ke yanke yawan abin da zai dawo.

Idan aka ɗauka iyakar shimfiɗaɗɗiya ce, tsakanin kitse mai 5 da ƙullutu mai 50 kusan kashi 27 cikin ɗari na ƙarfin igiyar ke dawowa. Tsakanin nama mai 45 da ƙullutu mai 50 kuwa, abin da ke dawowa bai kai kashi 0.1 cikin ɗari ba. Ƙullutu ɗaya ne, girma ɗaya, amma amsa-kuwarsa ta ragu kusan sau 400 don kawai maƙwabcinsa ya canja.

A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da Susan Hagness, wata mai bincike a Amurka, da abokan aikinta suka gabatar da dabarar tattara amsa-kuwar maikurowef don neman ƙullutu, yawancin masu bincike suna aiki ne da zaton cewa nono kusan duk kitse ne, ƙullutu kuma ya sha bamban da kewayensa sau biyar ko fiye. A 2007 jami'o'in Wisconsin ta Amurka da Calgary ta Kanada suka auna ɗaruruwan guntayen nama da aka ciro a tiyata, daga gigahaz 0.5 zuwa 20. Sun samu cewa bambancin sankara da kitse yana kaiwa sau 10, amma bambancinta da lafiyayyen nama mai ruwa bai wuce kusan kashi 10 cikin ɗari ba. Daga baya masu bincike na Kwalejin Dartmouth ta Amurka sun nuna cewa bakin abin awon da aka yi amfani da shi saman nama kawai yake ji sosai, don haka akwai sauran muhawara a kan ainihin adadin. Duk da haka babu wanda ya koma kan tsohon zato. Sankara kuma a cikin wannan nama mai ruwa take tsirowa, a bututun ruwan nono da ƙwayoyin da ke haɗa shi.

Yadda aka gina na'urar

Aikin Bristol ya samo tushe ne daga binciken rada mai neman nakiyoyin da aka binne a ƙasa, kuma Ian Craddock na Jami'ar Bristol yana cikin jagororinsa. Kamfanin Micrima ne ya ɗauki nauyin mayar da shi kayan asibiti. Na'urar farko tana da eriya 16, ta biyu 31, wadda aka gwada a kan matan 86 kuma 60.

An jera eriyoyin 60 a jikin wani rabin ƙwallo da ke ƙarƙashin gado. Ɗaya ta aika sigina, sauran su karɓa, sai a koma kan ta gaba. Tunda hanyar da ta tashi daga eriya ta ɗaya zuwa ta biyu daidai take da wadda ta dawo, hanyoyin da ba su maimaita juna ba su ne 60 sau 59 a raba biyu, wato 1,770. Da eriya 31 hanyoyi 465 ne, da 16 kuma 120 kacal. A kowace hanya ana share zangon gigahaz 3 zuwa 8 mataki-mataki da na'urar awon sigina da injiniyoyi ke kira VNA, wadda ke rubuta ƙarfin abin da ya iso da jinkirinsa. Tsakanin VNA da eriyoyi akwai akwatin makunnai masu sauya hanya da lantarki. Saurin wannan akwati ne ya sa ɗaukar duk bayanan ba ta kai minti ɗaya ba, kuma saurin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, kamar yadda za a gani a batun motsi.

Zaɓen gigahaz 3 zuwa 8 sulhu ne tsakanin abubuwa biyu da ba sa jituwa. Faɗin zango shi ke ba da kaifin hoto: da faɗin gigahaz 5, a cikin abu mai lamba 10, rada tana iya raba abubuwa biyu da ke da tazarar kusan santimita 1. Amma da zarar an hau sama, nama yana ƙara shanye igiyar. A gigahaz 3 kitse yana cin kusan desibel 1 a kowace santimita, nama mai ruwa kusan 5, a gigahaz 6 kuma nama mai ruwa yana cin fiye da 10. Kowane desibel 10 yana nufin ƙarfi ya koma kashi ɗaya cikin goma. Ƙullutun da ke bayan santimita 3 na nama mai ruwa, zuwa da dawowa santimita 6 ke nan, desibel 30, wato kashi ɗaya cikin dubu ne zai tsira, a ƙasan zangon ma. Saman zangon kuwa ba ya dawowa daga can ko kaɗan. Sakamakon haka kaifin santimita 1 da aka lissafa kusa da fata kawai ake samunsa, can ciki hoton yana dusashewa.

Matakan ɗaukar hoto

Mace tana kwanciya rub-da-ciki, nono ɗaya ya sauka ta wata kafa a gadon zuwa cikin kofin tangaran. Kofunan suna da girma daban-daban, ma'aikaciya ce ke zaɓen wanda ya dace. Ana zuba ruwan haɗi, wani ruwa mai kauri da aka haɗa da man farafin da kakin zuma da ruwa, wanda lambarsa ta kusan 10 kamar ta tangaran ɗin, don ya cike duk wani gibi tsakanin fata da kofi. Ana yin awon gwaji a duba ko nonon ya zauna daidai. Idan ya zauna, a ɗauki zagaye na farko, a juya rabin ƙwallon eriyoyin da 'yan digiri kaɗan a kewayen nonon, a sake ɗauka. Daga nan aikin kwamfuta ne.

Lissafin da ake yi sunansa jinkirta-ka-tara. Kwamfuta tana raba cikin nono zuwa ƙananan ɗigo. A kowane ɗigo tana lissafa tsawon lokacin da igiya za ta ɗauka daga eriyar da ta aika zuwa ɗigon, sannan zuwa eriyar da ta karɓa. Sai ta je kowace sigina ta ɗauko abin da ke daidai wannan lokaci, ta tara su. Idan da gaske akwai abin da ya mayar da igiya a wurin, duk siginonin suna haɗuwa baki ɗaya, jimlar ta yi girma. Idan babu, suna kashe juna. Abin da likita ke gani a ƙarshe taswirar ƙarfi ce mai launi, tabo mai haske a kan duhu, babu bututu, babu jijiya, babu siffar nono irin wadda ya saba gani a MRI.

Inda abin ke lalacewa

Matsala ta farko fata ce. Tsakanin ruwan haɗi mai 10 da fata mai 36, kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙarfi ke dawowa nan take, kafin nama ya shanye komai. Amsa-kuwar ƙullutu kuma ta bi ta cikin nama sau biyu. Neman ta a ƙarƙashin ta fata kamar sauraron raɗa ne a gefen mai buga ganga. Dalilin juya eriyoyi ke nan. Idan nono ya cika kofi daidai, fata tana nan a nesa ɗaya daga kowace eriya kafin juyi da bayansa, don haka idan aka debe zagaye na biyu daga na farko amsa-kuwar fata ta ɓace. Ƙullutu kuwa, a idon eriyoyin, ya gusa, saboda haka shi ba ya ɓacewa.

Dabarar tana da kyau, amma tana da ramuka uku. Na ɗaya, ƙullutun da ke kusa da tsakiyar juyi, wato bayan kan nono, kusan ba ya gusawa. A ce an juya digiri 10: abin da ke santimita 4 daga tsakiya ya gusa milimita 7, wanda ke rabin santimita daga tsakiya bai kai milimita 1 ba. Wannan na kusa da tsakiyar yana iya gogewa tare da fata. Na biyu, debewar tana barin sawu biyu, ɗaya na inda ƙullutun yake a zagayen farko, ɗaya na zagaye na biyu, wanda ke sa tabon ya fi ainihin abin faɗi. Na uku, duk wani abu da bai daidaita a kewaye ba yana tsira daga debewar kamar yadda ƙullutu ke tsira, ko dunƙulen lafiyayyen nama ne, ko tabon tsohuwar tiyata.

Matsala ta biyu iska ce, kuma ita ce ta fi yawan ɓata hoto a aikace. Tsakanin iska da fata kusan rabin ƙarfin igiya ke dawowa, sau biyar ke nan na abin da ake samu da ruwan haɗi. Kumfa ɗaya da ta maƙale a jikin kofi ta isa ta haifar da tabo mai haske kusa da fata. Kofin da ya yi wa nono yawa yana barin gibi a gefe, wanda ya yi kaɗan kuma yana tura nama waje da inda eriyoyi ke gani, ko ya naɗe fata. Alamar da mai karanta hoton ke nema ita ce tabon da ya manne a bakin hoto yana bin lanƙwasar kofi. Maganinsa a ɗaga matar, a gyara ruwan, a sake ɗauka. Idan tabon ya ɓace ko ya koma wani wuri, iska ce.

Ta uku motsi. A cikin abu mai lamba 10, tsawon igiya a gigahaz 8 bai wuce milimita 12 ba. Idan fata ta gusa milimita 1 tsakanin zagaye biyu, hanyar zuwa da dawowa ta canja da milimita 2, kashi ɗaya cikin shida na tsawon igiyar, kuma wannan ya isa ya sa debewar ta bar ragowar fata da ta fi amsa-kuwar ƙullutu ƙarfi. Numfashi mai zurfi ko tari ya wadatar. Wayoyin da ke haɗa eriyoyi ma idan suka lanƙwashe wajen juyi, ko zafinsu ya canja, suna ƙara nasu jinkirin, shi ya sa ake daidaita na'urar da abin gwaji da aka san lambarsa kafin a fara aiki.

Ta huɗu ta fi wuyar magani, domin a cikin lissafin take. Kwamfuta tana buƙatar sanin gudun igiya a cikin nono kafin ta mayar da lokaci zuwa nisa, kuma yawanci lamba ɗaya ake ba ta ga nonon gaba ɗaya. A lamba 9 igiya tana cin santimita 10 a nanosakan ɗaya (kashi ɗaya cikin biliyan na sakan), a lamba 16 santimita 7.5. A ce ƙullutu yana zurfin santimita 4, ainihin matsakaicin naman 16 ne, kwamfuta kuma an ce mata 9. Zuwa da dawowa zai ɗauki nanosakan 1.07, ita kuma za ta fassara shi da zurfin santimita 5.3. Kuskuren santimita 1.3 ke nan. Da eriya ɗaya ce, da ƙullutun ya gusa kawai. Amma eriyar dama ta tura shi hagu, ta hagu ta tura shi dama, sai siginonin su kasa haɗuwa a ko'ina: tabon ya bazu, ko ya rabu biyu, ko ya nutse cikin hayaniya. Abin da ake yi shi ne a gina hoton da lambobi da dama a zaɓi wanda ya fi tattaruwa. Wannan yana taimakawa idan nono kusan iri ɗaya ne a ciki. Idan rabinsa kitse ne rabinsa nama, babu lamba ɗaya da za ta yi wa duka hanyoyi 1,770 daidai.

Akwai kuma wurin da kofi ba ya kaiwa. Naman da ke manne da ƙirji da wanda ya miƙe zuwa hammata ba sa saukowa cikin kafar gado, alhali sashen sama na wajen hammata shi ne inda sankarar mama ta fi fitowa.

Yadda ya kamata a karanta kashi 74 da kashi 86

Matan 86 sun zo ne da alama, kuma abin da aka lissafa shi ne ko na'urar ta nuna wani abu a inda sauran gwaje-gwaje suka tabbatar akwai matsala. Cikin matsalolin akwai sankara, akwai ƙullutun ruwa, akwai wasu ƙullutai marasa illa. Ƙullutun ruwa yana iya yin sauƙin gani da maikurowef, tunda ruwa ne a dunƙule mai santsin iyaka, kuma ya fi yawa a matan da ba su daina al'ada ba, waɗanda su ne suka fi samun nono mai cunkoson nama. Wannan kaɗai yana iya ɗaga adadin rukunin. Sannan idan aka raba mutum 86 gida biyu, mace biyu ko uku sun isa su motsa kason da maki da yawa. Abin da za a iya ɗauka da ƙarfi daga kashi 86 shi ne na'urar ba ta rushe a irin wannan nono ba kamar yadda lissafin 2007 ya sa aka ji tsoro. Cewa ta fi iya aiki a can kuwa, adadin bai kai ya ɗauki wannan nauyi ba.

Gwajin da ya biyo baya, wanda aka wallafa a 2019, ya haɗa cibiyoyi fiye da ɗaya da mata 225, ya samu kashi 76 cikin ɗari. Kusancin adadin biyu alama ce mai kyau cewa na farkon ba sa'a ba ce. Har ila yau yana nufin kusan matsala ɗaya cikin huɗu ba ta fito ba, a matan da ƙullutunsu ya kai a ji shi ko ya dame su.

Babbar tambayar da adadin ganowa ba ya amsawa ita ce sau nawa na'urar ke nuna tabo a lafiyayyen nono. A Ingila ana gayyatar mata daga shekara 50 zuwa 71 su yi mamogiram duk bayan shekara uku, kuma cikin kowace mace 1,000 da aka duba, waɗanda ake samu da sankara ba su kai 10 ba. A ce wata na'ura tana kuskuren nuna tabo a mace ɗaya cikin biyar masu lafiya: kusan mata 200 ke nan za a sake kira, a yi musu sikanin, a soki wasu da allura a ɗebi nama, don a kama ƙasa da 10. Shi ya sa har yanzu hoton maikurowef bai shiga cikin ƙa'idojin tantance mata masu lafiya ba, kuma duk macen da ta ji ƙullutu hanyarta ita ce wadda aka sani: duban likita, mamogiram ko sikanin, sannan ɗibar nama don awo idan ya kama.

Sauran masu bincike sun bi wasu hanyoyi don kauce wa ramukan da aka ambata. A Dartmouth, ƙungiyar Paul Meaney ta yi amfani da eriya 16 a cikin ruwan gilisarin, a ƙananan zango da ke ratsa nama sosai, kuma maimakon neman amsa-kuwa suna lissafa lambar kowane sashe na nono ta hanyar maimaita kwaikwayo a kwamfuta har ya dace da abin da aka auna. Hakan yana kawar da matsalar lamba ɗaya, amma hoton ba shi da kaifi kuma lissafin yana da nauyi. A Calgary, na'urar Elise Fear tana zagaya eriya ɗaya a cikin man kanola, da hasken leza mai auna siffar fata. Na'urar MammoWave ta Italiya ta yar da ruwan haɗi gaba ɗaya, tana aiki a iska da eriya biyu daga gigahaz 1 zuwa 9.

Inda fasahar ta fi dacewa da halinta shi ne bibiyar ƙullutun da aka riga aka sani. Ƙungiyar Dartmouth ta gwada haka a 2013 a kan mata takwas da ke karɓar maganin sankara kafin tiyata, ana ɗaukar hotonsu lokaci-lokaci don a ga ko ƙullutun yana ja da baya. A irin wannan aiki an san inda za a duba, nonon matar shi ne ma'aunin kansa, dunƙulen lafiyayyen naman da ke ruɗa mai karanta hoton yana nan a hoton farko da na biyu, kuma babu radiyeshan da zai iyakance yawan maimaitawa. Sharaɗin shi ne a mayar da nonon cikin kofi ɗaya, a zama ɗaya, da ruwan haɗi mai zafi ɗaya kowane zuwa, domin lambar ruwan ma tana canjawa da zafi, kuma bambancin da ake nema tsakanin hotuna biyu ƙarami ne ƙwarai.